Cokali Mai Kaurin Mariƙi

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina kwana ko ina wuni, ban san wanda zai dace ba, tunda kai sai ka gama da katako kake tuna kana da waya. Ya jikin, ya ƙafar, ya shago, ya zaman kaɗaici? Ina fata kana cin abinci a zaune, ba a tsaye a bakin murhu ba. Ka gaida ƙanwarka, ka ce na gode da take leƙa ka.

Mu nan lafiya lau. Ka yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa, shi ɗin nan da bai karkace ba. In ka ga wata kalma ta yi tsalle ka gyara a ranka.

Jikanka ya zama ƙato. Kumatu muke ce masa, in ka gan shi ba za ka tambayi dalili ba. Na riga na gaya masa shi ne sabon mijina, tsohon ya tsufa sai warin gam da garin katako. Ya yi dariya har da miyau. To ka san matsayinka.

Gidan nasu a saman bene yake, ɗaki biyu da ɗan kicin, taga tana kallon inda ake ajiye motoci. Famfonsu mai murɗawa ne, ba irin wanda ka sa mini mai dogon hannu da nake turawa da gwiwar hannu ba. Kwalba kuwa in murfinta ya ƙi, sai in ajiye in jira surukinka ya dawo daga aikinsa na wuta. Sai da na bar gida na san yawan abin da ka gyara mini.

'Yarka ta koma aiki, hutun haihuwa ya ƙare. Ta zaunar da ni ta sake yi mini bayanin aikin, wannan karon na riƙe. Ciwon nan nawa, ta ce ba sanyi ba ne kamar yadda muke ta faɗa. Wai jiki yana da sojojinsa masu korar cuta, to a jikin irinmu sojojin ne ke rikicewa su juya kan gaɓoɓin mai su suna ci. Kuma akwai abin da ake gada a wurin iyaye da ke sa na wani su fi saurin rikicewa. Shi suke nema. Suna da ɓeraye baƙaƙe tsaf-tsaf, ba irin na bayan buhu ba, a keji aka haife su, kakanninsu ma a keji. Rabinsu an cire musu wani ɗan abu guda a cikin abin gadon, rabi an bar musu, a ido ba ka bambancewa. Sai a yi musu allurar wani abu da ake samu a guringuntsin kaza, ka ji fa, a kwana a tashi ƙafafunsu su soma kumbura. Ita aikinta kowace safiya ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta duba kowace ƙafa ta ba ta maki, daga sifili zuwa huɗu. In waɗanda aka cire wa abin ba su kumbura ba, an kama ɓarawon ke nan, sai a san inda za a nufa da magani.

Ta nuna mini hoto a wayarta. Maigida, ashe ƙafar ɓera hannu ce. 'Yan yatsu ne ƙanana, jajur, sun cika tam. Na ajiye shayina ban ƙarasa ba.

Abu ɗaya dai, wataƙila ba komai ba ne. Da safe tana daɗewa a wurin wanke-wanke, ruwan zafi yana zuba, kuma babu kwano ko ɗaya a ciki.

Ka sha maganinka na hawan jini. Kada ka hau tsani kai kaɗai.

Taka,
Kakar Kumatu


Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya ƙafa? Na ga saƙonka, wai in bar sa ido in yi renon da ya kawo ni. Kai da sauƙin faɗa. Ni kwana biyun nan ban iya zama wuri ɗaya, in na zauna a falo sai in ga na tashi na koma kicin ban san abin da na je ɗauka ba.

Bari in gaya maka abin da na gani, ka yi hukunci da kanka. Kofi da hannu biyu take riƙe shi. Maɓallan rigar Kumatu mijinta take miƙa wa, wai ya koyi aikin uba. In za ta ɗauki yaron ba ta kama shi da yatsu, dantse take zurawa ƙarƙashinsa ta tallabo. Zobenta na aure yana cikin ɗan faranti a saman firji. Wajen hantsi kuma sai ka ga hannun ya sake, ta buɗe gwangwani, ta yi komai, kamar ba ita ba.

Ka tuna ni bayan haihuwarta? Ka tuna kai kake ɗaure mini ɗankwali da safe kana cewa ka zama mai kwalliya? Haka ya fara, sak. Muka yi ta shafe-shafe da gashi da tawul mai zafi, shekaru suka wuce. Ranar da muka je wurin likitan gaɓoɓi, ya juya hannuna, abin da ya ce ban manta ba, wai da an zo da wuri da an tsare su. Wanda ya karkace ba ya miƙewa.

Jiya na yi mata magana a hankali tana shan shayi. Ta yi dariya, ta ce ɗaukar yaro ne, duk mai shayarwa tana wannan kukan. Na ce to a je a duba mana, asibiti yana jikin wurin aikinku. Sai ta jawo jaka ta fito da ɗan ƙarfen awo mai baki biyu, irin wanda suke auna ƙafar ɓera da shi, ta matse yatsanta a ciki, ta karanta, ta ce in gani, babu komai. Ni me na sani a lambar? Abin da na gani shi ne ta ciji leɓe lokacin da ƙarfen ya kama.

Da na matsa sai ta fito da ainihin maganar. Gwajin yana tsakiya. Idon da ya fara ba da maki shi zai ƙarasa, ba a canjawa a hanya, don biyun wani ukun wani ne, in an haɗa sai lissafin ya lalace. Ɓerayen nan kuwa tun kafin ta yi aure ake haɗa iyayensu don a samu irinsu. Tana tsoron in Farfesansu ya ji hannunta ba daidai ba, ya ɗauke ta daga ɗakin, aikin ya tashi a banza. Ga maganin, ta ce ta san wanda ake fara bayarwa, ba ya tafiya da shayarwa. In an gama, za ta je.

Na san wannan in an gama ɗin. Ni ma in an yaye yarinya na ce.

Na taɓa surukinka da zancen yana ɗaure takalmi. Ya sunkuyar da kai ya ce, Mama ai ta fi mu sanin jiki. Yaron kirki ne, amma a gabanta ruwa ne.

Wani abu da ta faɗa a cikin hirar ya ba ni mamaki. Wai ita kanta ba ta san wane keji ne na waɗanda aka cire wa abin ba. Abokiyar aikinta, wata da suke ce wa Doguwa, ita kaɗai ta sani, kuma ba za ta faɗa ba sai an gama. Na ce wannan wane irin rashin yarda ne? Ta ce ba rashin yarda ba ne, ido ne ke bin son zuciya, in ka san kejin da kake so ya yi kyau za ka ga kumburi ka ce inuwa ce.

Yanzu ga roƙona. Ka sassaƙa mini cokali irin nawa, mai kaurin mariƙi, amma ka ɗan rage, hannunta bai kai nawa ba. Ka goge shi sumul. Ka ba direban da ya kawo ni. Ko ba komai ta ci abincin safe ba tare da ciwo ba.

Ka gaida kowa. Ka yi mata addu'a.

Taka,
Kakar Kumatu


Maigida,

Barka da war haka. Ina fata kana lafiya. Yau na ga wurin aikin 'yarka, shi ya sa nake rubuto maka tun ƙafata ba ta huce ba.

Kumatu ya ƙi kwalbar madara tun safe, ya yi ta tsala ihu, sai ta bugo ta ce in kawo shi ta shayar da shi da rana. Na sa shi a kekensa, na tura da dantse har bakin titi, muka hau mota. Ginin dogo ne, fari, ƙofa ba ta buɗewa sai an taɓa kati. Doguwa ce ta sauko ta shigar da mu. Sunan bai yi ƙarya ba, sai da na ɗaga kai. Ta karɓi yaron tana ce masa yallaɓai.

Ɓerayen a can ƙasa suke, ƙarƙashin ginin. Ba a bar ni na shiga ba, ko uwar wa kake ba ka shiga. Amma ƙofar tana da ɗan gilashi, Doguwa ta ce in leƙa. Kejoji ne jere a kan kanta har sama, kamar shagon takalma, kowanne da kwalbar ruwansa. Ga wani ƙugi na iska ba ya tsayawa. 'Yarka tana ciki da rigar takarda, hula, abin rufe baki, safar hannu, har takalmi an sa masa riga. Da idonta kawai na gane ta. Na ga ta kamo ɗaya ta wutsiya, ta tsinci fatar ƙeyarsa da yatsu biyu, ta juya shi ciki sama, ta kai fuska kusa tana duba ƙafafun. Da yatsu biyu fa, Maigida. Waɗanda da safe ba sa iya maɓalli. Da ta mayar da shi sai ta yarfa hannun, ta ɗauka ba mai gani.

Muka jira ta a ɗakin shan shayinsu, mai tebur ɗaya da kofuna kowa da nasa. Wata dattijuwa ta shigo da farar riga, aka ce likitar dabbobi ce, ita ke kula da lafiyar ɓerayen. Ka ji, ɓera da likitarsa. Ta kalli hannuna, ba irin kallon da mutane ke yi su kawar da kai ba, ta ce sannu, ya daɗe? Na ce mai ɓerayen ta girme shi da kaɗan. Ta buɗe mini ledar biskit ba tare da na roƙa ba.

Maganar ta zo mini har maƙogwaro. In ce mata ki dubi hannun 'yata. Na haɗiye, don in na tona ta a wurin aikinta ban san ranar da za ta sake kallona ba. Sai na tambaye ta wani abu daban, na ce in ƙafar ɓera ta kumbura ƙwarai, haka ake barinsa? Ta ce a'a. Ana jiƙa masa abinci a ajiye a ƙasan keji don kada ya sha wahalar miƙewa, ana ƙara masa shimfiɗa mai laushi, in ya yi yawa a tsayar da gwajin a kansa. Na ce wa ke cewa ya yi yawa? Ta nuna ƙirjinta. Ta ce ba a barin mai gwajin ya yanke wannan, don shi kullum gani yake ɓeran zai iya ƙara kwana ɗaya.

Na dawo gida da maganar nan tana yi mini yawo a kai. Ɓera yana da mai cewa ya isa. 'Yarka ba ta da shi.

Ina cokalin?

Taka,
Kakar Kumatu


Maigida,

Sallama. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka, amma ni yau ba ni da daɗi.

Cokali ya iso, ya yi kyau, hannunka bai tsufa ba. Na ga har ka zana ɗan fure a gindinsa. Laifin ba naka ba ne.

Da safe na dafa mata ƙwai, na zuba shayi, na ajiye cokalin a gefen faranti ban ce komai ba. Na ɗauka za ta ɗauka ta ji sauƙi, ta gane na sani, shi ke nan. Ta fito daga wanka ta zauna. Ta dube shi. Ta dubi nawa da ke hannuna, iri ɗaya. Fuskarta ta sauya yadda ban taɓa gani ba tun tana ƙarama.

Ta ce, "Umma, har kin ba ni huɗu ke nan?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce, "Tun ina firamare nake kallon cokalin nan. Kin san dalilin da ya sa na karanta abin da na karanta? Don kada in sake ganinsa a kan tebur."

Ta tashi ba ta ci ba. Ta sumbaci Kumatu ta fita. Ni na zauna da ƙwai yana hucewa. Ni a wurina cokalin nan sauƙi ne, ranar da ka fara yi mini shi har kuka na yi don daɗi. Ban taɓa tunanin yadda yake a idon yarinyar da ke zaune a ɗaya gefen teburin ba.

Ba a nan ya tsaya ba. Kafin azahar sai ga ta ta dawo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye jaka, ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da firji. Na zauna a kujera don in na sauka ƙasa ba mai tada ni. Da ƙyar ta faɗa. Ɓera ya kuɓuce mata. Ta kama ƙeyarsa, yatsun suka ƙi rufewa, ya murɗe ya dira ƙasa. Sun kama shi, ko ƙwarzane bai yi ba, amma dokarsu wanda ya taɓa ƙasa ba ya komawa cikin 'yan'uwansa, don kada ya kai musu cuta. Ya fita daga gwajin. Kuma ba su da yawa, kowane ɗaya da nauyinsa. Doguwa ta gani. Ta dai karɓi aikin share keji ta ce mata ta je gida ta huta.

Ban ce ai na faɗa miki ba, Allah ya riƙe mini bakina. Na miƙa mata Kumatu ta shayar da shi a nan ƙasa, tana kallon bango.

Na ɓoye cokalin a aljihun keken yaro. Kada ka bugo mata yau, za ta san na gaya maka.

Taka,
Kakar Kumatu


Maigida,

Assalamu alaikum, ya kwanan gida? Na ga ka bugo har sau nawa, wayar tana ɗaki ina wanke yaro. Ka kwantar da hankalinka, ko da yake ni nawa bai kwanta ba. Na yi wani abu, ban sani ba ko daidai ne.

Washegari ba aiki a ofis amma ɓeraye ba su san hutu ba, ta je ta dawo da wuri. Surukinka ya fita da Kumatu shan iska. Muka rage mu biyu a tebur. Na shimfiɗa hannuwana a kai na ce ta ba ni maki. Ta ce Umma don Allah. Na ce ki ba ni, ai aikinki ne. Ta duba ta ce huɗu da huɗu. Na ce to naki fa? Ta ce sifili, ko rabin ɗaya.

Na ce, "Ke kika gaya mini wanda ya san kejin ba ya ba da maki. Wannan kejin kin san na wane ne."

Ta dubi hannunta. Na ce ni ma ban isa in bayar ba, ni uwa ce, tun da na zo huɗu nake gani. Daga ni har ke idonmu ya lalace. A nemo wanda bai san hannun wa yake kallo ba.

Ka san 'yarka, in aka zo mata ta hanyar aikinta ba ta iya musu. Ta ɗan yi murmushi ta ce wa ya koya mini. Na ce ɗakin shayinku.

Ga yadda muka shirya. Akwai likitan gaɓoɓi a asibitin da ke jikinsu, yana zuwa taronsu, ya san ta, shi ya sa take gudunsa. Za a ɗauki hoton hannuwa da safe, lokacin da abin ya fi tsanani, a kan farin tawul, ba zobe ba agogo. Nata, da na Doguwa, da na maƙwabciyarmu mai shayarwa ita ma, da na wata mai aiki a ofishinsu. Doguwa za ta cakuɗa su ta kai masa, ta ce ya duba ko akwai wanda bai kwanta masa ba. Ba suna. Dole aka gaya wa Doguwa, ta ce ai ta daɗe tana jiran a gaya mata.

Amma ta sa mini sharaɗi. In ya ce babu komai, ba zan sake ɗaga maganar ba har a gama gwajin. Ba kallo, ba tambaya, ba kai ƙara wurinka. Na yarda. Na ba ta hannu a kai.

Tun da na yarda nake juyi. Hoto ba ya nuna ciwo. Hoto ba ya nuna yadda take tsayawa a bakin famfo. In hasken tagar ya ɓoye kumburin fa? Ni na ɗauki nata, wayar ta ƙi riƙuwa a hannuna, sai da surukinka ya karɓa ya sake. In mutumin yana sauri ya kalla sama-sama ya ce duk lafiya fa? Shi ke nan na ɗaure bakina da kaina, in zauna ina kallon yatsunta suna bin nawa. Na share gidan nan har inda ba a sharewa. Na ninke kayan Kumatu na warware na sake ninkewa. Ya kalle ni kamar ya ce matar nan lafiya?

An ce likitan ya yi tafiya, sai ya dawo. Ka tashi ka yi mana addu'a, kai taka ta fi tawa nutsuwa.

Taka,
Kakar Kumatu


Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka tashi lafiya, ya ƙafa, ya shago, ya ƙanwarka da yaranta? Ka zauna kafin ka karanta, ka ajiye zarton.

Doguwa ta kai wa likitan. Ta ce ya jera hotunan a kan tebur, ya ture uku gefe, ya ɗaga ɗaya ya kai kusa da taga. Ya ce shi ba ya yanke hukunci da hoto, amma wannan yana so ya taɓa shi da hannunsa, kuma kada a kai mako mai zuwa. Ya ce ko na wace ce, a ce mata kada ta yi wasa. Doguwa ta ce masa mai hannun tana bakin ƙofa.

Ni na raka 'yarka, ina zaune a benci da Kumatu. Ya matsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, aka ɗebi jini, aka haska hannun a na'ura. Shi ne. Irin nawa ne. Da ta fito ta faɗa mini, na ɗauka zan faɗi, sai na ji kamar an sauke mini kaya. Abin da na fi tsoro shi ne a ce ba a gani ba.

Ga inda za ka gode wa Allah. Ƙashin bai taɓu ba, ko kaɗan. Ya ce a wannan matakin ake son kamawa, kuma yanzu ba zamanin da ba ne, masu irin hannunta da yawa suna tsufa da yatsunsu a miƙe in sun riƙe magani. Bai yi alkawari ba, ya ce za a yi ta dubawa. Ya ba ta wanda za ta iya sha tana shayarwa, in bai isa ba sai a yi maganar yaye a sauya. Ta ce ta san da shi, tsoro ne ya sa ta tuna wancan kaɗai.

Gwajin kuma bai tashi ba. Ita da kanta ta je ta gaya wa Farfesa. Ya ce idonta yake buƙata, yatsu kuwa akwai su a ginin. Yanzu likitar dabbobi ta ba su wata ma'aikaciyarta, ita ke kama ɓeran ta juya shi, 'yarka ta sunkuya ta duba ta faɗi maki. Doguwa ba ta kamawa, tunda ta san kejin, kada fuskarta ta tona. Ka ga abin da ya hana mu barci, ashe maganar rabin sa'a ce.

A mota muna dawowa na kasa riƙewa, na ce mata ni na ba ki wannan. Ta ce in bar faɗin haka. Ta ce a keji ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, allura ɗaya, wani ya kumbura wani ko gezau, kuma har yau ba su gama sanin dalili ba, shi ya sa take tashi da safe. Gado yana buɗe ƙofa ne kawai, ba shi ke turo mutum ba. Na ji ta. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina yi wa Kumatu wanka sai in ga ina buɗe 'yan yatsunsa ina ƙirgawa. Ta kama ni jiya, ta ce Umma an hana ki ba da maki.

Ƙanwarka ta gaya mini ka yanko katako ka fara yi mata mariƙin wuƙa da na mataji da abin buɗe kwalba, saiti guda. Na san ka, da hannu kake kuka. Ka dakata. Ka yi wa yaron 'yar kujera da shi, ya kusa fara zama.

Cokalin kuwa ya samu mai shi. Kumatu ya zaro shi daga aljihun kekensa, haƙori yana masa ƙaiƙayi, ya kama mariƙin da hannu biyu ya tura a baki. Na yunƙura zan ƙwace kafin uwarsa ta gani, sai na ga tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Ta ce in bar masa, dama daidai hannunsa kakansa ya yi shi. Furen naka duk ya jiƙe da miyau.

Zobenta yana nan a saman firji tukuna. Kowace safiya tana gwadawa. In ya shiga zan rubuto maka, ko da kalma ɗaya ce.

Ka sha maganinka. Ka bar mini famfona yadda na bar shi.

Matarka,
Kakar Kumatu